Tsutsar Ciki a Kajin Gida: Darasi Daga Ƙasar Bagudo

A ƙauyukan Bagudo ta Jihar Kebbi, daga gaɓar Kogin Kwara har zuwa Lolo da ke kan iyakar Jamhuriyar Benin, da wuya a sami gidan da ba a kiwon kaji. Sau da yawa akan ga kaza tana ci amma tana ramewa, ƙwanta ya ragu, 'yan tsaki kuma suna gudawa. Ɗaya daga cikin manyan dalilan haka shi ne tsutsar ciki.

Iri biyu ya kamata ɗalibi ya sani. Na farko macijin ciki, wanda masana ke kira Ascaridia galli. Tamatarsa takan kai santimita 10. Ƙwayayensa kan fita cikin kashin kaza, su nuna a ƙasa mai laima cikin kamar mako 2, sannan wata kaza ta tsince su. Na biyu tsila, wato Raillietina, wadda kaza ke ɗauka idan ta haɗiye tururuwa ko buzuzu mai ɗauke da ita.

Sanin wannan bambanci shi ne tushen magani. Piperazine da ake zubawa a ruwan sha yana fitar da macijin ciki, amma ba ya taɓa tsila; ita sai malamin dabbobi ya ba da nata maganin. Kada a ci ƙwai ko nama sai kwanakin da ya gindaya sun cika.

Sai dai magani kaɗai ba ya wadatarwa. A riƙa share akurki, musamman da damina, a kai kashin gona. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko daga ƙetaren iyaka, a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Jinga: Me ya sa tsutsa ke komowa bayan an ba kaza magani?