Kwalbar da ba ta da suna, wa za a kai ƙara?

A damunar bara wani manomi daga yankin Dungass ya same ni, ya ɗaga rigarsa ya nuna mini bayansa. Fatar ta saɓule tun daga kafaɗa har ƙugu. Famfon feshin da ya goya ne yake yoyo, ya wuni maganin haki yana jiƙa shi. Na ce, “Baba, ina kwalbar?” Sai ya zaro gorar lemo, ba takarda, ba suna. Wai mai sayarwa ya rantse masa cewa haki kawai yake ci, ba ya taɓa mutum.

Shekaruna ina aikin malamin gona tsakanin Magarya, Bande da Wacha, kuma wannan rantsuwa ta ishe ni. A wasu ƙasashe irin wannan magana kotu take kai mai ita. A 2018 wata kotu a Kaliforniya ta Amurka ta umarci kamfanin Monsanto ya biya Dewayne Johnson, mai feshin harabar makaranta da ciwon daji ya kama, dala miliyan 289 saboda bai gargaɗe shi kan maganin hakinsa na Roundup ba. Daga baya an rage kuɗin zuwa kusan miliyan 20. Wasiƙun cikin gida na kamfanin aka karanta a gaban shari'a, aka ga yadda yake sa hannu a rubuce-rubucen da ke wanke maganinsa. Bayer da ta sayi kamfanin har gobe tana musanta cewa maganin na jawo cutar, amma a 2020 ta ware fiye da dala biliyan 10 don sasanta ƙararraki.

Johnson ya san sunan abin da ya fesa. Baban nan namu fa, wa zai riƙe?

A nan wajenmu, maganin haki na paraquat, wanda ba shi da makari in an sha, ƙasashen ƙungiyar Sahel ta CILSS sun haramta shi tun 2011, ga shi kuma yana tsallako iyaka yana cika kasuwanninmu. Don Allah, duk maganin da za ku saya, ku nemi lambar amincewar kwamitin CSP mai tantance magungunan feshi a jikinsa, ku dubi launin da ke gindin takardar. Ja shi ne mafi haɗari. Kada ku karɓi na ɗure. In ya taɓa ku, ku tuɓe, ku wanke da ruwa da sabulu nan take, ku tafi likita da kwalbar a hannu, sannan ku kawo mana ita ofishin gona mu rubuta sunan maganin da kasuwar da aka saye shi.