Sabon Fenti Zai Ƙara wa Kwale-kwalena Kuɗi?

Tambaya: Rana ta koɗar da kwale-kwalen da nake fito da shi a Gulbin Zamfara. Sayarwa zan yi. In sake masa fenti? Daga wani mai fito, Jega.

Amsa: Malam, sake masa, amma gyara kafin ado. Ja shi tudu ya bushe sarai, ka kankare tsohon fentin, ka toshe tsaguwa da kwalta, sannan ka yi shafi biyu na fentin mai. Fenti kan jiƙaƙƙen katako ɓarewa yake yi. Ƙyalli yana jawo mai saye, amma lafiyar katako ke yanke farashi. Idan akwai ruɓa, nuna masa. Rufe aibi da fenti algus ne, kuma rayukan mutane jirgin zai ɗauka.