Rigar Wayar Lantarki da Ƙwayoyin da Ido Ba Ya Gani

Gabatarwa

Duk wanda ya duba wayar lantarki zai ga ƙarfe ne a ciki, roba a waje. Ƙarfen shi ke ɗaukar wuta, robar kuwa, wadda masana ke kira polima, ita ke tare ta. Idan wannan riga ta gaza, sai gobara ko asarar rai. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ƙara mata ƙarko.

Inda Matsalar Take

A manyan wayoyi masu ɗaukar wuta mai ƙarfi, cajin lantarki yakan taru a cikin robar. Yau da gobe sai ya riƙa cin ta, yana buɗe siraran hanyoyi masu kama da rassan itace, har wutar ta huda ta fito.

Magani

A shekarar 1994 T. J. Lewis, wani masani a Birtaniya, ya jawo hankali ga amfanin cuɗa roba da ƙwayoyi masu girman nanomita 1 zuwa 100. Nanomita kuwa ita ce kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ƙwayoyin da aka fi amfani da su haɗi ne na ƙarfe da iskar oksijin, wato dangin tsatsa, kamar na alminiyam da magniziyam da titaniyam.

Sirrin yana ga ƙanƙantarsu. Idan aka rage girman ƙwaya sau 1,000, nauyin garin bai canza ba, to faɗin jikin da ke gogayya da roba zai ninka sau 1,000. A wannan mahaɗa ce ake samun tarkuna masu riƙe cajin, ƙwayoyin kuma su tare wa rassan nan hanya. A 2004 Nelson da Fothergill sun nuna cewa caji bai taruwa a roba mai irin waɗannan ƙwayoyi kamar yadda yake taruwa a mai manyan ƙwayoyi.

Kammalawa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ƙwayoyin sukan dunƙule kamar gari a kunun da bai damu ba, suna kuma jan laima, sai gyara ya koma ɓarna. Shi ya sa ake shafe jikinsu da sinadari kafin a cuɗa, kuma kaɗan ake zubawa, galibi 'yan kashi cikin ɗari na nauyin robar. Ashe ba yawan ƙwayoyin ne abin nema ba, kyawun damun ne.