Harafi Ɗaya Ya Cinye Karatun Azumi Guda

Ranar Talata da ta wuce wani bawan Allah ya shigo wurin aikina da faifan ajiya naɗe a cikin hankici. Almajirin wani malami ne da Allah Ya yi wa rasuwa. Shekara da shekaru shi yake kafa kyamara a gaban malamin duk azumi yana ɗaukar tafsiri, ya juye a faifan, ya goge memori don ɗaukar gobe. Duk abin da ya rage na karatun nan a duniya yana cikin faifan da ke hannunsa.

Ya zauna, ya ce, "Injiniya, don Allah duba min. Bidiyon Baqara sun koma daƙiƙa biyu-biyu."

Iyalan malam ne suka nemi a mayar da karatun MP4 marar nauyi don a riƙa tura wa mutane a waya. Ya kai wa wani yaro mai shagon turi da ake cewa ya iya kwamfuta. Yaron ya kwaso sikirif daga intanet, ya manna, ya ƙara layi ɗaya na kansa, wai don wuri kada ya cika: a goge asalin fayil da zarar an gama juya shi. Bai gwada a kan fayil ko ɗaya ba. Ya danna ya tafi cin abinci.

Na buɗe sikirif ɗin, layi bakwai ne. find yana zuba sunayen fayilolin MTS cikin while read, ffmpeg yana juyawa da -y, sai rm a ƙasa. Kallon farko na ɗora laifin a kan rm da aka sa ba tare da && ba, na ɗauka ffmpeg ne yake faɗuwa ana gogewa a haka. Na kwafi abin da ya saura zuwa wani faifai, na cire rm, na kunna ina kallon lambar fita. Sifili. A wurin ffmpeg aiki ya kammala lafiya, ga kuma bidiyon daƙiƙa biyu. Ko da yaron ya sa && ɗin, gogewar sai ta faru.

Na fi awa ɗaya ina zargin fayilolin da kansu. ffprobe ya ce lafiyarsu ƙalau. Na juya ɗaya da hannu, ya fita cif. Sai a cikin zagayen kawai yake yankewa. Da na sa echo ya riƙa buga sunan da read yake karɓa kowane zagaye, na ga na farko cikakke, na biyu kuwa ya fara da "ara/". Kan sunan ya ɓace. Nan jikina ya yi sanyi, domin na gane.

ffmpeg yana sauraren stdin yayin da yake aiki, yana jiran ko za a danna masa wani maɓalli, kuma q na nufin ya tsaya. A cikin zagayen nan stdin ɗinsa ba allon rubutu ba ne, jerin sunayen da find ya turo ne. Yana juya fayil na ɗaya yana lasar haruffan sunan na biyu ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan q ɗin da ke tsakiyar Baqara. Ya ɗauka umarni ne, ya rufe bidiyon da kyau, ya fita da sifili. rm ya share asali. Guntun sunan da ya rage ba ya nuni ga komai, don haka fayil na biyu ya tsira. Na uku ya mutu, na huɗu ya tsira, haka har ƙarshen foldar. Da aikin ya faɗa wata folda da babu q, ffmpeg ya cinye ragowar jerin gaba ɗaya, sikirif ya tsaya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, yaron ya dawo ya ga aiki bai ƙare ba, bai buɗe bidiyo ko ɗaya ya kalla ba, ya sake kunnawa. Sau uku ke nan gaba ɗaya. Fayil 40 suka koma 20, suka koma 10, suka koma 5. Ayoyi 286 da malam ya kwashe azumi guda yana warwarewa. Kai jama'a! Mutum ya karɓi kuɗin aiki, amma ya kasa danna bidiyo ɗaya ya ga ko yana motsi?

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Kyamarorin AVCHD suna komawa 00000.MTS duk sanda aka goge memori, yaron kuma ya tara duk abin da aka juya a folda guda da -y, na yau yana hawa kan na jiya. Kuma a kan faifan da yake gogewa yake rubutawa. Daga baya ma ya zuba wa almajirin wasu wa'azozi a ciki, wai kyauta.

Kwana biyu PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, yana aiki. A cikin 35 da aka goge, 11 suka dawo, babu suna babu kwanan wata, uku daga ciki rabi ne. Almajirin nan ya sa abin ji a kunne yana tantance su da jin ayar da malam ya fara da ita. Da ya zo kan wanda ya yanke malam na tsakiyar jimla, ya cire abin jin ya ajiye, ya daɗe bai ce komai ba.

Gyaran kansa kalma ɗaya ce, -nostdin. Da ita kaɗai, da bidiyon ba su yanke ba.

'Yan'uwa masu wannan sana'a, kada rm ya shiga sikirif ɗin juya fayil, ko da wace hujja. Gogewa aikin wata rana ce daban, bayan an kwatanta tsawon asali da na sabo da ffprobe. Lambar fita sifili ba shaida ba ce. A fara da echo, sannan fayil uku na kwafi, a buɗe su a kalla har ƙarshe. A sa -n a madadin -y. Sunayen fayilolin mutanenmu cike suke da tazara da ƙ da ɗ da alamar 'y, a yi amfani da -print0. Idan sikirif ya tsaya ba ka san dalili ba, kada ka sake kunna shi. Na maimaita, kada ka sake kunna shi.

Ku kuma masu kawo aiki, kun gajiyar da mu da maganar faifai ya yi tsada. Wanda yake da kwafi ɗaya kada ya miƙa wa kowa, ko ni ne. Idan abu ya goge, a zare faifan nan take, kada a ƙara zuba komai a ciki.

Ragowar fayil 24 ɗin ba za su dawo ba. Duk wanda yake da karatun wani malami, ko bidiyon mahaifinsa, a faifai guda, don Allah ya kwafe shi a wani wurin kafin ya kwanta yau.