Lambun Laka: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ƙasar laka ba matalauciya ba ce. Ta fi jigawa riƙe ruwa, ta fi ta riƙe taki. Iska ce ba ta da ita. Da damina ta cushe har saiwa ta ruɓe, da rani ta bushe ta tsattsage, fartanya na tsalle a kanta. Aikinka shi ne ka buɗa ta, kuma yawancin abin da masu lambu ke yi ƙara toshe ta yake.

Kada ka sa mata garma tana jiƙe sharkaf. Ɗebi dunƙule ka matse a tafin hannu. In ya mulmulu yana sheƙi, koma gida. In ka danna da yatsa ya marmashe, to bismilla.

Kada ka zuba yashi don wai ta yi laushi. Baro biyu ko uku ba za su yi komai ba sai cike 'yan ƙofofin da suka rage, ka wayi gari da tubali.

Kada ka watsa farar ƙasa don kawai an ce tana sassauta laka. Nan ne aka fi yin ɓarna. Farar ƙasar noma, wato niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, maganin tsami ce. Yawancin kayan lambu sun fi son ma'aunin pH tsakanin 6 da 7. In ƙasarka ta gangara zuwa 5.5 ko ƙasa da haka, tana buƙata. Amma baƙar laka irin firkin Borno, inda ake dasa masakwa, galibi ba ta da tsami ko kaɗan. Ka ƙara mata farar ƙasa, sai sinadarin ƙarfe da zinki su ɗaure, ganyen tumatir ya yi rawaya kana ta zargin iri. Kai samfuri a auna tukuna. Malamin gona zai nuna maka hanya, Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, ma tana wannan awo. In awo ya ce a zuba, zuba gwargwadon da aka rubuta maka, ka cuɗa da ƙasa wata biyu zuwa uku kafin dashe. Ta fentin ɗaki ba ita ake nufi ba, siminti kuwa kada ma ka fara. Toka ma kashe tsami take yi, saboda haka ita ma da hankali.

In ka ga fari-fari irin na kanwa a saman fangali, jifsam ake nema da hanyar fitar ruwa. Farar ƙasa ba ta da aiki a nan.

Kada ka haɗa farar ƙasa da yuriya ko ɗanyen kashin kaji rana ɗaya. Warin da zai daki hancinka, takinka ne ke tashi sama.

Zuba takin gargajiya, ka kuma zubawa, kowace shekara. Kashin shanu ko na awaki da ya ruɓe sarai, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, juji da aka tsince wa leda da batir. Shi ke haɗa laka ta zama tsaki-tsaki, shi ke kiran tana, ita kuma ta huda maka ƙasa kyauta. Kamfa, NPK 15-15-15, tana ciyar da shuka, amma ko buhu goma ka juye ba za ta sassauta laka ba. Sa ta daidai kima, nesa kaɗan da gindi. Yuriya kuma a binne ta, kada a bar ta a fili rana na duka.

Ɗaga kunya ko tudun shuka, ka ware hanyar tafiya. Kada ka taka inda za ka shuka.

Rufe ƙasar. Karan dawa da aka sassare, busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, ganyen da ya zubo, kaurin yatsa uku zuwa huɗu. Na san masu dabbobi za su ce kara abincin bisashe ne, kuma gaskiyarsu, amma ko rabi ne a bar wa ƙasa. Kada ka ƙone shi. Kada shimfiɗar ta taɓa jikin shuka, don danshi na ruɓar da gindi, gara ma ta samu tsani. Garin katako a sama zai tsaya, in ka binne shi ɗanye zai ƙwace wa shuka sinadarin da yuriya ke bayarwa.

Kafin ka ƙara ban ruwa, cusa yatsa ƙarƙashin shimfiɗar. Laka takan bushe a sama alhali cikinta na jiƙe.