Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Haɗeja: Darasi ga Ɗalibin da Bai Taɓa Wuce Bakin Kasuwa Ba

Da yawanmu za mu yi shekara biyu a garin nan, mu karɓi difloma, mu tattara komatsanmu mu tafi, alhali abin da muka sani na Haɗeja bai wuce aji da masallaci da tasha da wurin mai shayi ba. In aka ce yawon buɗe ido kuwa, sai hankali ya tafi Dubai ko Amurka. To, a wannan darasi ina so mu duba abin da ke kusa da mu, mu san me ake gani, yaushe ake ganinsa, da kuma abin da ke neman raba mu da shi.

Me ke mayar da wuri abin zuwa kallo?

A fahimtata abu huɗu ne. Na farko, a sami abin da ya cancanci a gani. Na biyu, a sami hanyar isa wurin. Na uku, a san lokacin da ya dace. Na huɗu, a sami wanda zai yi wa baƙo bayani. Ku ɗauki birnin Miyami na Amurka. A gefensa akwai wani makeken dausayi mai suna Everglades, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1947. Ruwa ne da ciyawa da tsuntsaye da kadoji, amma saboda an tanadi hanya da jiragen ruwa da masu rakiya, duk baƙon da ya je birnin sai an kwaɗaita masa zuwa can. Mu nan muna da na farko a wadace. Sauran ukun ne aikin da ke gabanmu.

Cikin gari: tarihi

A fara da fadar Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Dokta Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan gadon sarauta tun 2002. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Kafin ka je, riƙe sunaye uku. Sarki Sambo shi ne ya kafa mulkin Fulani a birnin a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Buhari, wanda ya rasu a 1863, shi ne ya bijire wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya hana maƙwabta barci shekara da shekaru. Sai Sarki Muhammadu, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila shekara uku bayan sun ci Kano, suka yaƙi garin a watan Afrilun 1906, ya faɗi tare da jama'arsa da dama. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. A garin nan kuma akwai kabarin Bature Kyaftin Phillips, wanda mutane ke kira Mai Tumbi.

Idan ka san wannan, ragowar ganuwa da ƙofofin gari za su zame maka littafi. Idan ba ka sani ba, tudun ƙasa kawai za ka gani. Haka Garun Gabas, a ƙaramar hukumar Malam Madori: ita ce Biram da muka haddace a firamare cikin Hausa Bakwai. Da yawanmu mun rubuta sunan a jarrabawa ba tare da mun san tana kusa da mu ba. Wanda hutun Sallah ya riske shi a gari kuma, kada ya bari hawan Sallah da hawan Bariki su wuce shi.

Kasuwar kifi ma aji ce mai zaman kanta. Tsaya ka ga tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, ɗanye da banda, ka tambayi dillali daga wane ƙauye kayan suka fito, kuma ina za a kai su. Amsar da zai ba ka ita ce taswirar fadamar baki ɗaya.

Bayan gari: dausayi

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa. Da ya wuce garin nan sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rarrabu cikin rassa da tafkuna, ya je ya haɗu da kogin Jama'are, su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Wannan shimfiɗar ita ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. Akwai yarjejeniyar kare dausayoyin duniya da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Wuri na farko da Najeriya ta shigar cikinta shi ne tafkin Nguru da mashigar Marma, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, da tafkin Dagona na jihar Yobe. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da gandun Baturiya gandun daji na ƙasa.

Me ake gani? Tsuntsaye, fiye da iri 370 da masana suka lissafa a yankin. Akwai 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara su sauka a nan. Su ne suka jawo Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989. Ka ji fa: tsuntsu ba fasfo ba biza, ya baro Turai ya zo inda mu muke ƙyashin biyan kuɗin mota mu je.

Yaushe, kuma yaya?

Lokaci shi ne rabin tafiyar. Ambaliya kan kai ƙarshenta wajen Agusta da Satumba, hanyoyin ƙauyuka su yanke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa ya fara janyewa, baƙin tsuntsaye sun iso, manoman rani sun shiga aikin alkama da tattasai. Wannan ne lokacin zuwa. A tashi da asuba, domin da rana ta take tsuntsu ya ɓuya. A je a ƙungiya, a fara gaida mai gari ko bulama, a nemi izinin ma'aikatan gandu, a ɗauki ɗan gari mai rakiya a kuma sallame shi da kyau. Kada a cika kwale-kwale fiye da ƙima don neman sauƙin kuɗi. Kada a yi wanka a kwantaccen ruwa, tsargiya a nan take. Kafin ka ɗauki hoton masunci ko matar Fulani, tambaye su. Ledar ruwan da ka sha kuma ka dawo da abarka.

Abin da ke barazana

Duk kyan nan a kan ruwa ya dogara, ruwan kuwa daga sama ake sarrafa shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya sauya. Wasu rassan da a da suke cika su bushe, yanzu ba sa rabuwa da ruwa, sai kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye shinkafa. Wasu wuraren kuma ruwan ya daina kai musu. Ga saran itace don girki da bandar kifi, ga farauta. A cikin gari ma, duk ƙasar da aka ɗiba daga ganuwa ba ta dawowa. Auyakanci, harshen mutanen Auyo na dā, haka ya tafi, yau ba mai jinsa. Abin da ba a kula da shi ba, wata rana sai labari.

Aikin gida

Kowa cikinmu sai ya rubuta binciken kammala karatu, kuma mun san yadda ake juya tsofaffin batutuwa ana sake musu bango. Ga sababbi a ƙofar gida. Ɗalibin aikin gona ya auna abin da kachala ta ci na gonakin ƙauye guda. Na kwamfuta ya zana taswirar ƙofofin gari da hanyar Baturiya, ya ɗora a intanet. Na kasuwanci ya lissafa abin da ziyarar yini ɗaya za ta ci wa mutum goma, daga kuɗin mota zuwa ladan mai kwale-kwale. Da haka ake samar da abubuwa ukun nan da na ce sun rage mana, kuma a nan sana'ar rakiyar baƙi take farawa.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya, kuma ta faɗo daidai lokacin da tsuntsaye ke nan. Motar makaranta guda da karo-karon ɗalibai sun isa a kai mu Baturiya a dawo da mu kafin magariba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.