MU KOYI TURANCI: Kalmar Authority, Daga En'e Zuwa Takardar Wakilci

  Kalmar da za mu ɗauka a wannan fitowa ita ce authority. Ana furta ta kusan kamar "otoriti", sai dai t ɗin farko ba t ce cikakkiya ba, ana ɗan fito da kan harshe ne tsakanin haƙora, kamar yadda malamar tajwidi ke sa mu yi a harafin nan mai ɗigo uku da ke bin ta a jerin baƙaƙen Larabci. Wadda harshenta ya ƙi kada ta damu, ma'aikatan ofis ɗin ma da yawansu otoriti suke cewa, kuma ana gane su.

Na zaɓi kalmar ne domin tana cikin kalmomin da ake rufe mana baki da su. Mace ta je asibiti ko sakatariya da buƙatarta, sai a ce mata "ai authority ce ta hana", ta ja mayafinta ta dawo gida ba ta san wanda ya hana ɗin ba. Wata kuma a kawo mata takarda har ɗaki a ce ta dangwala yatsa, kalmar tana rubuce a sama ɓaro-ɓaro, ita ba ta san abin da ta bayar ba.

Abin mamaki, kalmar nan ta daɗe a bakin kakanninmu, ba su dai san ita suke faɗa ba. Duk tsohuwar da ke Wurno ko Rabah ko Goronyo ta san En'e. To En'e ba komai ba ce illa haruffa biyu na Turanci, N da A, wato taƙaicen Native Authority, hukumar 'yan ƙasa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai suka bar mulkin yau da kullum a hannun Sarkin Musulmi da hakimansa, su kuma suna bisa suna duba. Wannan tsari shi ne En'e. Ita ke karɓar haraji da jangali, tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta, da kotunan alƙalai, da makarantun elemantare. Hakimai irin su Sarkin Sudan na Wurno da Sarkin Rabah duk ƙarƙashinta suke. Marigayi Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, a cikinta ya tashi: ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, sannan ya zama Sardauna a 1938.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai koyon Turanci ta lura da shi. Da farko, a idon dokar Turawa, Sarkin Musulmi shi kansa shi ne Native Authority, mutum guda. Sai a farkon shekarun 1950 aka gyara doka ya zama sarki tare da majalisarsa. Kun ga ke nan kalmar tana iya nufin mutum, tana kuma iya nufin ma'aikata dungurungum. Daga baya gwamnati ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna, sannan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi irin waɗanda muka sani yau. En'e ta tafi, amma har gobe za ki ji dattijo yana cewa "ɗana na aiki En'e", alhali sakatariyar ƙaramar hukuma yake nufi.

Haka NEPA. A ɗin ƙarshen sunan ita ce authority ɗinmu. An kafa hukumar a 1972, aka sauya ta zuwa PHCN a 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, mu a jihar Sakkwato muka faɗa hannun kamfanin da ke Kaduna. Yau babu wata hukuma mai suna NEPA, amma yaran da aka haifa bayan rasuwarta su ne suka fi kowa ihun "an kawo nefa!"

To wannan ita ce ma'ana ta farko: authority na nufin hukuma, wato ma'aikatar da doka ta kafa, ta ɗora mata wani aiki takamaimai. Ku riƙe kalmar takamaimai ɗin nan da kyau, don a nan amfanin darasin yake. Kowace hukuma da iyakar gonarta. Ga misali na kusa da mu. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984, mai iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, tana hannun Sokoto Rima River Basin Development Authority ne, wato hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda manoma ke kira Riba Besin. Ta gwamnatin tarayya ce. Saboda haka in ruwan noman rani ya yi jinkiri, albasa da tafarnuwa da shinkafa suna neman ƙonewa, ciyaman na ƙaramar hukuma ba shi da ikon buɗe ƙofar dam, komai kirkinsa. Iyakarsa ya bi ku ya yi roƙo. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san sakin ruwan nan da riƙe shi ba ƙaramar magana ba ce. Haka in malami ya daina zuwa aji a firamaren ƙauyenku, ko kina neman a sauya wa ɗiyarki makaranta, ƙofar da za ki ƙwanƙwasa bayan hedimasta ita ce Local Government Education Authority, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda sakataren ilimi ke shugabanta, wanda ake ce wa E.S.

Idan kuma kika ji an ce the authorities, da s a ƙarshe, to mahukunta ake nufi gaba ɗaya ba tare da an ware kowa ba. 'Yan jarida na son wannan lafazi, ma'aikacin da ke son ya sallame ki shi ma yana son sa. Maganinsa tambaya guda ce, cikin ladabi: Which authority? Wato "Wace hukuma?" Ko ki yi ta da Hausarki: "Ranka ya daɗe, wace hukuma ta hana, in tai can?" Sau da yawa daga nan magana kan sauya.

Ma'ana ta biyu ita ce iko ko izini, kuma ita ce uwar sauran. Turawa na da wata kalma, power, da mu kan fassara da iko ita ma, shi ya sa ɗalibai ke cakuɗa su. Ba ɗaya ba ne. Power ƙarfi ne, ko ta wace hanya aka same shi. Authority kuwa iko ne da aka ba mutum ta hanyar da jama'a da doka suka yarda da ita. Mu mutanen gabashin Sakkwato ba mu buƙatar dogon bayani a nan. Ɗan bindigar da ya aza wa ƙauye kuɗi kafin a bar su su girbe gonarsu, yana da power, bakin bindiga ne ya ba shi, amma ba shi da authority ko ta ƙwayar zarra. Ungozomar asibiti kuwa da ta ce wa ƙaton namiji ya fita daga ɗakin haihuwa, ba ta fi shi ƙarfi ba, authority gare ta, kuma dole ya fita. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, amin.

Daga wannan ma'ana aka sami aikatau authorise, wato ba da izini. Authorised shi ne wanda aka ba izini, unauthorised wanda ba a ba shi ba. Allon da ke ƙofar ɗakin tiyata ko ɗakin ajiyar magani mai ɗauke da unauthorised, cewa yake yi wanda ba a yi wa izini ba kada ya shiga. A asusun ƙungiya a banki akwai authorised signatories, su ne waɗanda ƙungiya ta amince su sa hannu kafin kuɗi ya fita, galibi Amira da ma'aji da sakatariya. Duk reshen da bai san su wa aka rubuta a asusunsa ba, to ya bincika tun kafin ranar rigima. Haka saƙon banki da ke shigowa waya: in kika ga authorise tare da wasu lambobi, izinin fitar da kuɗinki ake nema. Duk wanda kika karanta wa lambobin nan, ko da ya ce daga banki yake, kin ba shi makullin ɗakinki ne.

Yanzu bari mu zo kan takardar da ta fi cin mata, wato letter of authority, takardar wakilci. Ita ce wadda mutum ke rubutawa ya ce na wakilta wane ya yi abu kaza a madadina. Mu da ba kullum muke fita ba, mun fi kowa bayar da ita: karɓar fansho, ko garatutin aiki, ko kayan tallafi, ko takardar fili, ko sakamakon jarrabawar yaro. Yawanci tana farawa da I hereby authorise, wato "na ba da izini ga", sai sunan wakili, sai to collect, wato ya karɓa, sai abin da zai karɓa, sai on my behalf, wato a madadina. Ba laifi ba ce, sauƙi ce. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakiyar takardar. Akwai bambanci mai nisa tsakanin to collect, ya karɓo, da to sell, ya sayar, da to transfer, ya mayar da mallaka ga wani. Haka in kika ga all ko any, wato duka ko kowane, a gaban kuɗi ko kadara, to ba abu guda kika wakilta shi a kai ba, kin sakar masa komai ne. Na san wata baiwar Allah da ta dangwala wa ƙanen mijinta yatsa don ya karɓo mata kuɗin wata guda a wani ofis, ashe takardar ba ta faɗi wata ba, ba ta faɗi ranar ƙarewa ba. Ya yi ta karɓa har ta gaji da jira ta je da kanta, aka buɗe fayil aka nuna mata yatsanta. Mi za ta ce?

Saboda haka kafin ki sa hannu, ki sami wanda ya iya karatu, ba wanda ya kawo takardar ba, ya karanta miki ita layi-layi ya fassara. Ki tabbata an rubuta cikakken sunan wakili, da ainihin abin da zai karɓa, da ranar da izinin zai ƙare. Ki sa a yi miki hoton takardar ki ajiye, ko da a waya ne. Kada ki taɓa dangwala yatsa a farar takarda a kan wai za a cike daga baya. Wata za ta ce ai kunya, ɗan'uwa ne, ko ɗan cikina ne. Ni dai a ganina rubuta iyaka ba zargi ba ne, kariya ce gare ki da shi kansa, don gobe kada magada su tuhume shi da abin da bai ci ba.

Waɗanda suka yi karatun fiƙihu a Islamiyya za su ga ba baƙon abu ba ne, babin wakala ne ya sa rigar Turanci. Wakili ba ya wuce abin da aka wakilta shi a kai, kuma wanda ya wakilta shi yana iya sauke shi. A Turance saukewar ita ce to withdraw ko to revoke the authority, kuma a rubuce ake yin ta, a kai kwafe ofishin da aka kai takardar farko, in ba haka ba su ba su san kin janye ba. Wani abin da ya kamata zawarawa su sani: wakilci yana faɗuwa da rasuwar wanda ya bayar da shi. In maigida ya ba wani takardar karɓar kuɗinsa yana raye, ranar da ya cika takardar ta mutu tare da shi, dukiya ta koma ta magada, sai abin da kotu ta tabbatar. Duk wanda ya ci gaba da karɓa da tsohuwar takarda, ko a Turance ko a shari'ance, he has no authority, ba shi da hurumi.

Ma'ana ta uku ba ta da tsoro a cikinta. Idan aka ce wance is an authority on wani fanni, ana nufin masaniya ce da ake komawa gare ta, maganarta hujja ce. Marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, authority ne a kan tarihin daular Usmaniyya. Nana Asma'u 'yar Shehu ita ma haka take a ilimin zamaninta, ba ta riƙe sarautar gari ba, amma manyan malamai na girmama fahimtarta. Kuma in kun duba tsarinta na 'Yan Taru za ku ga ma'ana ta biyu da ta uku sun haɗu wuri guda: jajin da za ta jagoranci matan ƙauye zuwa karatu, malfa ake aza mata, kowa ya gani ya san da izini take tafe. Malfar nan ita ce letter of authority ta wancan zamani. Ba banza ba kalmar ta yi kama da author, wato marubuci. Tushensu ɗaya ne a harshen Latin, daga kalmar da ke nufin wanda abu ya samo asali daga gare shi. Daga nan ne kuma 'yan jarida suka sami on good authority, abin da mu ke ce wa "daga majiya mai tushe".

Ga aikin gida. Kowace ta duba cikin akwatinta ko jakar takardun maigida, da izininsa, ta nemo takarda guda mai ɗauke da authority ko authorise, ko tsohuwar takardar kuɗin wuta ce, ta gane wace ma'ana aka nufa cikin ukun nan. Sannan ki gwada rubuta takardar wakilci ta layi huɗu, kina wakilta ɗiyarki ta karɓo miki buhun taki guda biyu, da ranar da izinin zai ƙare. Ku kai wa malamar ajin manya ta reshenku ta duba. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki kalmar order, wadda Hausa ta riga ta mayar "oda".